Ƙunar Yatsa da Abin da Ake Rubutawa a Littafin Asibiti

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hunturu ya sauka a ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, wuta takan matso kusa da mutane. Yara suna jin ɗumi da kara tun da asuba, tsofaffi suna kwana da kaskon garwashi a ɗaka, mata suna turara shinkafa suna suyar ƙuli-ƙuli, masu noman rani kuma suna tayar da injin ban ruwa a fadamun Gulbin Zamfara. A cikin dukan waɗannan ayyuka hannu ne yake fara isa wurin zafi, a hannun ma yatsa. Domin haka ƙunar yatsa ta yi yawa a cikinmu har ba mu lissafa ta cikin ciwo. Mutum ya hura wa yatsan iska, ya shafa abin da ya samu, ya koma bakin aikinsa.

Gaskiya ne yawancin irin wannan ƙuna takan warke da kanta. Amma akwai wadda takan bar yatsa a ƙage, ba ya lanƙwasuwa, ba ya miƙuwa. Manomin da yatsunsa biyu suka manne da juna ba zai riƙe lauje sosai ba. Matar da babban yatsanta ya sandare, tatsar saniya da saƙar faifai sun gagare ta. Sau da yawa abin da yake raba ƙunar da ke warkewa da wadda ke naƙasa mutum bai wuce uku ba: abin da aka yi a sa'a ta fari, abin da aka faɗa wa malamin asibiti, da abin da shi kuma ya rubuta. Wannan rubutun ne za mu duba tare a wannan fitowa, gama mutane da yawa suna ganinsa ɓata lokaci ne, su dai magani suka zo karɓa.

Kowane ciwo da lambarsa

'Yan'uwa manoma, kun san buhun da ba a yi wa shaida ba, idan ya shiga sito cikin buhuna ɗari, mai shi ma sai ya sha wuya kafin ya gane shi. Haka ciwo yake a hannun ma'aikatan lafiya. Likitan Gusau yana iya kiran ciwo da suna ɗaya, na Sakkwato ya kira shi da wani, na Maraɗi kuma ya rubuta nasa da Faransanci. In ana so a tara lissafinsu wuri ɗaya, dole a sami shaidar da kowa ya yarda da ita.

Wani Bafaranshe mai suna Jacques Bertillon, wanda shi ne shugaban ofishin ƙididdiga na birnin Faris, ya tsara jerin abubuwan da ke kashe mutane, aka karɓi jerin a wani taron masana ƙididdiga a Cikago ta Amurka a shekarar 1893. A 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi aikin, aka faɗaɗa jerin ya haɗa har da cututtuka da raunukan da ba su kai ga mutuwa ba. Ana kiran littafin ICD a taƙaice, ana kuma sabunta shi lokaci lokaci. An amince da bugu na 10 a 1990, ƙasashe suka fara aiki da shi a 1994. Bugu na 11 an amince da shi a 2019, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2022, amma ƙasashe a hankali suke komawa kansa. Lambobin da za mu kawo a nan na bugu na 10 ne, domin su ma'aikatan ajiye katin marasa lafiya suka daɗe suna aiki da su.

A cikin wannan littafi, ƙunar da ta sami hannu, tun daga wuyan hannu har tafi da yatsu da farce, lambarta T23. Harafin da lambobin biyu suna nuna wurin da ƙunar take. Sa'an nan a ɗiga ɗigo, a ƙara lamba ɗaya wadda za ta nuna zurfinta. A nan ne maganar take.

Fatar mutum hawa biyu ce, akwai ta sama mai laushi kamar ɓawon albasa, akwai ta ƙasa mai kauri inda jijiyoyin jini da na jin zafi suke. Idan zafi ya taɓa ta sama kaɗai, wurin yakan yi ja ko ya ƙara duhu, ya yi raɗaɗi, amma ba ya ɗurar ruwa. Wannan ita ce ƙuna mataki na ɗaya, T23.1. Cikin mako guda takan warke, ba ta barin tabo. A fatarmu baƙa jan ba ya fitowa sosai, shi ya sa malamin asibiti yakan tambaya game da raɗaɗi, ya kuma duba ko fatar a bushe take.

Idan zafin ya ratsa zuwa hawa na biyu, sai wurin ya yi bororo, watau ya kumbura ya ɗuri ruwa, ko fatar ta saluɓe ta bar nama ja mai danshi. Wannan mataki na biyu ne, T23.2, ita ce kuma ta fi kowace zafi. In ba ta yi zurfi ƙwarai ba, mako biyu zuwa uku ya ishe ta. In ta wuce mako uku ba ta rufe ba, to, tabo mai jan fata yana tafe.

Mataki na uku, T23.3, shi ne inda wuta ta cinye fatar duka. Wurin yakan yi fari fat ko baƙi ƙirin, ya yi tauri kamar ƙirgi. Abin da ke ruɗin mutane shi ne ba ta cika zafi ba, domin jijiyoyin jin zafin sun riga sun mutu. Sai mutum ya ce da sauƙi, alhali ita ce mafi muni. Irin wannan ba ta rufewa da kyau sai an yi aiki, wani lokaci har a ɗebo fata daga cinya a dasa. Wannan kuwa aikin manyan asibitoci ne, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Idan yatsa ɗaya yana da mataki biyu, a ce gefe ya yi ja tsakiya ta yi bororo, ƙa'ida ita ce a rubuta mafi zurfi. Akwai kuma T23.0, wadda ma'anarta ita ce hannu ya ƙone amma ba a faɗi zurfin ƙunar ba. A ganina wannan lamba ta ragwanci ce. Tana cika littafi, ba ta gaya wa kowa kome.

Ƙunar da ba ta wuta ba ita ma tana da wurinta. Matan ƙungiyoyinmu masu haɗa sabulu sun san yadda sodar sabulu take cin yatsa, masu gyaran babur kuma sun san ruwan batir. Littafin ya ware wa irin wannan ci lambobi huɗu, daga T23.4 zuwa T23.7, bisa ga zurfi kamar na wuta. An ware su ne domin hanyar jiyyarsu dabam ce: soda tana ci gaba da cin nama muddin tana jikin fata, ko da awa ta wuce. Har gogar igiya, irin wadda ke samun mai jan guga ko wanda sa ya fizge wa igiya a hannu, littafin ya sa ta cikin ƙuna.

Ana kuma auna faɗin ƙuna. Ma'aunin yana da sauƙi: tafin hannun mai ciwon tare da yatsunsa daidai yake da kashi 1 cikin 100 na fatar jikinsa. Ƙunar da ba ta kai kashi 10 ba lambarta T31.0. Ƙunar yatsa kullum a nan take faɗawa, shi ya sa a takarda take kama da ƙaramin abu. Amma likitoci ba su raina ƙunar hannu, kamar yadda ba su raina ta fuska da ta gaɓoɓi, ko da faɗinta bai wuce na kwabo ba.

Me ya ƙona ka?

Lamba ta biyu da ake haɗawa da ta farko ita ce ta sanadi, kuma ga mu manoma ta fi ta farkon amfani. Mai na suya, ko miya, ko kunu mai zafi, X10. Tafasasshen ruwa na tukunya, X12. Tururi, kamar na turara shinkafa ko dafa kalwa, X13. Inji ko kayan aiki da suka yi zafi, kamar salansar injin ban ruwa ko na niƙa, X17. Wutar da aka hura a waje don jin ɗumi, X03. Fetur ko kananzir da ya kama, X04. Akwai ma lambar wurin da abin ya faru: 0 gida ne, 7 gona ce.

A ce mace tana tuyar ƙosai a tsakar gida, mai ya fallatso mata a yatsu biyu suka yi bororo. Cikakken rubutu shi ne T23.2 tare da X10, wuri kuma 0. A ce saurayi ya dafa salansar inji a fadama, tafin yatsansa ya yi ja bai ɗuri ruwa ba. Nasa T23.1 ne da X17, wuri 7. Wanda ya iya karatun lambobin nan, ko a wace ƙasa yake, ya san abin da ya faru kamar yana wurin.

Amurka ta kai abin nesa. Tun 1 ga Oktoba 2015 suke aiki da nasu bugun mai lambobi wajen 70,000. A can, ƙuna mataki na ɗaya a yatsa ɗaya na hannun dama, ban da babban yatsa, a zuwan fari, lambarta T23.121A. Da na hagu ne, sai ta zama T23.122A. In mutum ya dawo a duba masa yadda take warkewa, harafin ƙarshe ya koma D. Dalilin wannan ƙwaƙƙwafi kuɗi ne, gama kamfanonin inshora ba su biyan asibiti sai lamba ta yi daidai. Kada mu yi musu dariya da yawa. Tun da aka kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 2022, wadda ta ce kowane ɗan Nijeriya ya kamata ya shiga, ga kuma hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Zamfara da ake kira ZAMCHEMA, abin da aka rubuta a kati ya fara shafar wanda zai biya kuɗin magani a nan ma.

Daga ƙauye zuwa Gusau

A ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyukanmu, galibi da kalmomi ake rubuta ciwo a babban littafin rajista. Sa lambobi aikin manyan asibitoci ne masu ma'aikatan ajiye kati. Amma hanyar ɗaya ce. A ƙarshen wata ma'aikaci yakan ƙirga abin da ke cikin littafin, ya cika takardar wata, ya kai sashen lafiya na ƙaramar hukuma. A can ake shigar da lissafin cikin kwamfuta, a wani tsari mai suna DHIS2, daga nan Gusau da Abuja su gani. Da irin wannan lissafi ake shawarar inda za a tura magani da bandeji da ma'aikata.

To, mai ƙirga ba ya ƙirga abin da ba a rubuta ba. Idan aka rubuta "rauni" kawai, ƙunar ta ɓace cikin saran fartanya da faɗuwar babur. Idan mutum bai zo ba sam, ko ya tsaya wurin mai kemis ya sayi man shafawa, ba ta ma shiga littafin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum wajen 180,000 kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe marasa ƙarfi. Wannan na waɗanda suka mutu ke nan. Yatsun da suka ƙage a ƙauye ba su cikin wannan lissafi.

Mu mutanen wannan yanki ba sai an gaya mana abin da sunan ciwo yake jawowa ba. A farkon 2010 yara ƙanana suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da amai da jijjiga. An yi musu maganin zazzaɓin cizon sauro, an yi na sanƙarau, ba su samu sauƙi ba. A watan Maris na shekarar ne labarin ya kai ga ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suke yawon sa ido a kan sanƙarau. Da aka gwada jinin yaran sai aka tarar gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Binciken da aka yi gida gida a Dareta da 'Yargalma a watan Mayu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun mutu cikin shekara ɗaya, watau ɗaya cikin huɗu. An ƙiyasta yara wajen 400 ne suka rasu a yankin. Sai da ciwon ya sami sunansa na gaskiya, wanda a littafin nan lambarsa T56.0, sa'an nan aka kawo maganin da ke fitar da dalma daga jini, aka kuma shiga kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka, har aka kai Bagega a 2013.

Ƙunar yatsa ba ta kai wannan ba, ko kusa. Amma ita ma takan ɓoye wani abu a bayanta, kuma littafi ne yake tona shi.

Idan mutum ya zo da ƙuna a yatsu sau biyu sau uku cikin 'yan watanni, kuma ya ce bai ji lokacin da ya ƙone ba, sai ganin bororo ya yi, ma'aikacin da ya buɗe katinsa ya ga tarihin zai yi tunanin kuturta. Ita ce take kashe jin zafi a yatsu, mutum ya ɗauki tukunya daga murhu bai sani ba. Yawancin yatsun da muke gani sun gutsure a hannun masu wannan ciwo, ƙuna da rauni a kai a kai ne suka cinye su. Maganin kuturta kyauta ne, yana kuma warkarwa sarai in an fara da wuri. Ciwon sukari da ya daɗe shi ma yakan rage jin zafi. Idan kuwa ƙunar mai zurfi ce, mutumin kuma bai tuna yadda ya faɗa wuta ba, sai a yi tunanin farfaɗiya. Da yawa daga cikin ƙuna mafi muni a ƙauyuka daga nan suke, gama mai farfaɗiya ba ya iya janye hannunsa, mutane kuma suna gudun taɓa shi bisa ga camfin cewa ana ɗauka. Ba a ɗaukar farfaɗiya. Ku janye shi daga wuta nan take. Ciwon yana da magani mai araha wanda ke hana faɗuwa, amma ba wanda zai ba shi idan iyali suka ɓoye suka ce tuntuɓe ya yi.

Akwai kuma samarinmu masu aikin zinariya. Sukan haɗa garin dutse da zaiba, ruwan nan mai nauyi mai kama da narkakkiyar azurfa, sa'an nan su ƙona curin a wuta domin zaibar ta tashi zinariya ta rage. Yatsa yakan ƙone a wannan aiki, hayaƙin kuma guba ne ga ƙwaƙwalwa da ƙoda. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara daga Afrilu 2019 har Disamba 2024, mutane kuma suka saba da ɓoye wannan sana'a. Sai yaro ya je asibiti ya ce shayi ne ya zubo masa. Za a wanke masa yatsa, a rubuta X10, ya tafi gida da rawar hannu da ciwon kai ba wanda ya tambaye shi. Malamin asibiti ba ɗan sanda ba ne. Ku gaya masa gaskiya.

Kafin a isa asibiti

Abin da za a rubuta, T23.1 ko T23.2, wani lokaci a gida ake yanke shi, domin zafi yana ci gaba da ratsa nama bayan an janye hannu. Maganin fari ruwa ne. A yi ta kwarara ruwa mai tsabta mai sanyi a kan yatsan har minti 20. Ba mu da famfo a yawancin ƙauyuka, amma buta da ruwan randa sun isa, ko a tsoma hannun cikin kwano ana sauya ruwan. Minti 20 yana da tsawo fiye da yadda ake zato, sai a duba agogon waya. Ko an makara, ruwan yana da amfani har cikin awa uku na fari. Ban da ƙanƙara, gama tana ƙara kashe fata. In jariri ne, a lulluɓe sauran jikinsa kada sanyi ya kama shi. In soda ce, a kakkaɓe garin tukuna, sa'an nan a wanke fiye da minti 20, har raɗaɗin ya lafa.

A cire zobe da awarwaro tun yatsa bai kumbura ba. Zoben da aka bari yakan shaƙe yatsa har jini ya daina kaiwa.

Kada a shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, ko gishiri, ko toka, ko baƙin mai na inji, balle kashin shanu. Wasu suna riƙe zafi, wasu suna shigar da ƙwayoyin cuta, kashin shanu kuwa hanyar ciwon sarƙe haƙora ce. Ban da haka, duk suna rufe wurin, sai malamin asibiti ya kasa ganin launin fatar, ya kasa sanin zurfin ƙunar, dole ya kankare abin da aka shafa mai ciwo yana kuka. Masu kiwon zuma za su tambaya, to, zuma fa? An gwada zuma mai tsabta a asibitoci, an ga tana taimakon ƙunar da ba ta yi zurfi ba. Amma ba ta maye gurbin ruwa, kuma gara a bari a duba wurin tukuna.

Kada a fasa bororo. A rufe da ƙyalle mai tsabta wanda aka wanke aka shanya a rana, ban da auduga mai barin zare. Ga abin da ake yawan kuskurewa: kowane yatsa a naɗe shi dabam. Yatsu biyu masu ɗanyen ciwo idan aka ɗaure su tare sukan warke a manne. A ɗaga hannun sama da ƙirji domin kumburi ya sauka, a sha farasitamol saboda zafi, a kuma riƙa motsa yatsun kowace rana ko da akwai ciwo, gama yatsan da aka bari a dunƙule haka zai warke.

Mun san hanya ba ta da daɗi a kwanakin nan, ba kowa ne zai tashi daga ƙauye zuwa Babban Asibitin Anka ko na Gummi ko na Bukkuyum saboda jan fata ba. Ƙuna mataki na ɗaya ana iya jiyyarta a gida. Amma a nemi ma'aikacin lafiya a ranar idan bororo ya hau kan gaɓar yatsa, ko ya zagaye yatsan, ko yana tsakanin yatsu. Haka nan idan wurin ya yi fari ko baƙi ba zafi, idan soda ko ruwan batir ko wutar lantarki ce, ko kuwa mai ciwon ƙaramin yaro ne ko tsoho ko mai ciwon sukari. Ƙunar lantarki musamman takan yi ɗan ƙaramin baki a waje, ɓarnar tana ciki. Bayan kwana biyu ko uku, in aka ga mugunya, ko wari, ko kumburi yana hawa hannu, ko zazzaɓi, kada a jira. A tambayi allurar tetanus, wadda ke tsare mutum daga sarƙe haƙora. Ƙunar da ta kai mako biyu ba ta rufe ba, a koma da ita.

In kun je, ku faɗi abu huɗu ko ba a tambaye ku ba: abin da ya ƙona ku, wace sa'a, a ina kuna wane aiki, da abin da kuka shafa. Ku roƙi ma'aikacin cikin ladabi ya gaya muku mataki na nawa ya rubuta. Ku adana ɗan katin da aka ba ku a cikin leda, domin da lambarsa za a nemo tarihinku. Wanda yake yankar sabon kati kowane zuwa, kamar baƙo yake kullum, ba mai iya ganin cewa wannan ce ƙunarsa ta uku. Littafin yana da lamba ta naƙasar da ƙuna ta bari a hannu, T95.2, wadda ake rubutawa bayan watanni, sa'ad da fata ta riga ta ja yatsa. Gyaran wannan sai likitan fiɗa, da kuɗi mai yawa, da tafiya mai nisa.

Littafin ƙungiya

Ƙungiyoyinmu na gama kai sun saba da ajiye littafin taki da na bashi da na hatsin da aka zuba a rumbu. Shawarata ita ce magatakarda ya sayi ƙaramin littafi ɗaya na ƙuna da rauni. Ba ya bukatar lambobin likita, ba ya kuma bukatar sunan kowa, domin kada mutane su ji kunyar faɗa. Ya rubuta rana, da shekarun mutum, namiji ne ko mace, wane wuri ne a jiki, ja ne ko bororo ko fari, me ya jawo, da kwana nawa mutumin ya yi bai yi aiki ba. Layin ƙarshen nan shi ne zai buɗe wa kowa ido, domin kwana goma a lokacin girbin shinkafa kuɗi ne.

Bayan wata uku a karanta littafin a taro. Idan yawancin ƙunar ta yara masu rarrafe ce a bakin murhu, a yi shawarar gina murhun laka mai tudu, ko a kewaye wurin girki. Idan ta masu sabulu ce, ƙungiya ta sayi safar hannu ta roba mai kauri da dogon muciya daga asusunta. Idan salansar inji ce, maƙerin gari yana iya yi mata kariya da waya. Sa'an nan a kwafi lissafin a takarda guda, shugaban ƙungiya ya miƙa wa mai kula da ɗakin shan magani da kwamitin lafiya na mazaɓa kafin hunturu mai zuwa, domin su san yawan bandeji da allurar tetanus da za su nema daga ƙaramar hukuma.